Saitin kofunan ƙaho masu famfo: yadda suke aiki a kan Dazhui da saman baya

Saitin kofunan ƙaho da za mu duba a nan shi ne wanda ake shigowa da shi daga ƙasar Sin a cikin kwali: kofuna 12 na roba mai tauri, famfon hannu mai kama da bindiga, tiyo ɗaya, da 'yar takarda mai zanen jiki. Kofunan sun bambanta, daga mai faɗin baki kamar santimita 2 zuwa mai kusan 7. Kowanne yana da bawul a kansa. Ba wuta, ba zuƙa da baki irin ta ƙahon wanzamai, kuma tunda kofin garau yake, ana ganin launin fata tun daga farko har ƙarshe. Wannan ita ce babbar fa'idarsa.

Takardar kuwa ba ta da amfani sosai. Ɗigo-ɗigo ne kawai a kan zane, ba bayanin yadda za a lalubo wurin da hannu. Mu ɗauki Dazhui, wani wuri a gindin wuya, wanda likitocin gargajiyar Sin ke kira GV14, kuma suke ɗaukarsa mahaɗar hanyoyin yang, wato ƙarfin ɗumi na jiki a fahimtarsu. Mutum ya zauna ya sunkuyar da kai, sai a taɓa ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya, wato ƙashin wuya na 7. Idan ƙasusuwa biyu suka fito kusan daidai, a ce ya juya kai hagu da dama: wanda ke motsi shi ne na wuya, wanda ya tsaya cik na baya ne. Ɗan ramin da ke ƙarƙashin mai motsin, a tsakiyar baya, shi ne Dazhui. Masu hijama sun san yankin, don kusan nan ne suke kira kahil.

Daga nan a gangara ana ƙirga ƙasusuwan baya. Ƙarƙashin na 2, a matsa gefe faɗin yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, nan ne Fengmen. Ƙarƙashin na 3 da irin wannan tazara, Feishu. Da yatsun wanda ake yi wa ake aunawa, ba na mai yi ba. Sinawa na amfani da wuraren nan don mura, tari da sanƙarar wuya.

A Dazhui kofi matsakaici ne ke zama, mai santimita 4 zuwa 5. Babba yana hawa kan ƙashi, iska ta shiga ta gefe, ya faɗo, musamman ga siririn mutum. A shafa ɗan man zaitun, a ɗaga bawul a tabbata bai maƙale ba, a ɗora kofin, a ja famfo sau biyu. Sau uku ya ishi mai jiki. Famfon yana da ƙarfi fiye da yadda ake zato, kuma nan ne mutane ke ɓarna: su ja sau biyar ko shida, su bar shi rabin awa, fata ta yi bororo. Minti 5 ya isa a karon farko, kada a wuce 10. Wajen cirewa a ja bawul sama iska ta shiga, kada a fizge. Tabon da'ira ja ko shuɗi-shuɗi zai zauna kwanaki, wani har mako biyu. Ƙananan jijiyoyin jini ne suka fashe a ƙarƙashin fata, ba dafi ne ya fito ba, duk abin da mai talla zai ce.

Inda saitin ke gajiya shi ne robar bawul. Mai na taruwa a wurin, sai kofin ya fara sakin iska. Wanki da sabulu da ruwa mai ɗumi yana gyara shi. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa kofin. Tunda ba za a iya tafasa shi a kashe ƙwayoyin cuta ba, bai dace da ƙahon tsaga ba in za a yi wa mutum fiye da ɗaya. Jini na iya shiga bawul da famfo, kuma ciwon hanta nau'in B ta irin wannan hanya yake yaɗuwa. Tiyon na taimaka wa mai son yi wa kansa, amma sa kofi daidai a Feishu ba tare da wani ya duba ba, yana da wahala.

Ga mai wuya ko kafaɗa da suka sage saboda zaman tuƙi ko keken ɗinki, busasshen ƙaho na iya kawo sauƙi na ɗan lokaci, kuma saitin ya ci kuɗinsa. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, mai ƙurji ko rauni a wurin, da mai juna biyu, su bar shi. Zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar wuya na iya zama sanƙarau, kuma a kai mutum asibiti nan take, ba a tsaya neman Dazhui ba.