Deport da banish: duk kora ce, amma ba mutum ɗaya ake yi wa ba

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa jaridun Turanci suka ce an yi wa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II banish a 2020, ba su ce deport ba, alhali mu duk kora muke cewa. Abin da za ka fara dubawa shi ne: wanda aka kora ɗan gida ne ko baƙo?

Deport daga Latin take, deportare, wato a ɗauki abu a kai shi wani wuri. A yau gwamnati ce kaɗai ke yin ta, kuma baƙo ake yi wa, a sa shi a mota ko jirgi a tsallakar da shi iyaka. Shi ya sa batun Shugaba Abdurrahman Darman ya tayar da ƙura a 1980. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka kwashe shi aka kai Cadi wai ba ɗan Najeriya ba ne. Ka ga sai da aka mayar da shi baƙo a takarda kafin a iya fitar da shi. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ya dawo gida.

Banish kuwa ɗan gida ake yi wa, kuma ba dole sai ya bar ƙasar ba. Ta shiga Turanci daga tsohon Faransanci, banir, tushenta kuma shela ce: a fito a sanar da jama'a cewa wane ba shi da sauran wurin zama a garin nan. Ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sanusi, aka kai shi Loko, daga nan Awe a jihar Nasarawa. Kakansa, Sarki Muhammadu Sanusi I, shi ma garin Azare aka kai shi a 1963. Sarki Alu kuma, bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a Lakwaja ya ƙare rayuwarsa. Dukkansu ba wanda aka fitar daga Najeriya, garinsu aka haramta musu. A 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce korar da aka yi wa Sanusi II daga Kano ta saɓa wa tsarin mulki.

Turanci na da wasu kalmomin kora bayan waɗannan biyun. Evict ta mai gida da ɗan haya ce. Asalinta evincere, cin galaba, kuma da farko tana nufin ƙwato dukiya ta hanyar shari'a. Don haka mai gidan da ya cire ƙofa ya watso wa ɗan haya katifa da tukwane a titi ba tare da takardar kotu ba, a ganina ƙarfa-ƙarfa kawai ya yi, ko da 'yan jarida sun ara masa kalmar.

Expel ta fi su faɗi: ɗalibi daga makaranta, ɗan siyasa daga jam'iyya, jakada daga ƙasa. Daga pellere take, tunkuɗawa. Idan ka rasa wadda za ka ɗauka, ita ce ba ta cika ba da kunya ba.

Akwai wata kuma, defenestrate, jefo mutum ta taga, daga fenestra, taga a Latin. A 1618 'yan Furotesta a birnin Prague suka jefo wakilan sarki biyu da magatakardansu ta tagar fada. Duka ukun sun rayu, amma daga nan yaƙin shekara talatin na Turai ya ɓarke. Yanzu a kan ji ta idan 'yan jam'iyya suka kayar da shugabansu ba zato.