Gargaɗi ga masu neman babur ɗin tirayal na hannu: cinikin biri a sama ya ci mini fam 350

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi kwana da kwanaki ina jinkirin rubuta wannan saboda kunya, don ba ƙaramin abu ba ne magidanci mai furfura a gemu ya fito ya ce yaro ya yi masa wayo ta waya. To amma shekaranjiya na sake ganin tallan babur ɗin da aka cuce ni da shi, hoto ɗaya, babur ɗaya, gari kawai aka canza. Idan na yi shiru aka cuci wani, da hannuna a ciki.

A Sheffield nake zaune, a arewacin Ingila. Bayan garin akwai tsaunukan Peak District, kuma tun zuwana nake kallon tsofaffin hanyoyin burji da suka ratsa su ina tuna yadda muke kewaya Kufena da Jincheng ɗin yayana a Zariya. Wasu daga cikin hanyoyin doka ta yarda a hau su da babur, muddin yana da lamba da inshora da takardar gwajin lafiyar abin hawa da suke kira MOT. Sai dai mutanen ƙauyukan da masu yawon ƙafa ba sa ƙaunar ƙara ko kaɗan, kuma koke-kokensu kan ƙara da lalata hanya na cikin abin da ya sa hukumar da ke kula da Peak District ta rufe wa ababen hawa wasu hanyoyin, irin su Long Causeway da ke nan kusa da mu. Shi ya sa na ƙudurta cewa babur mai shiru zan saya, mara nauyi, wanda ba zai mutu mini a tsakiyar dutse ba. Wani abokin aiki ya ce ai babur ɗin tirayal nake nufi, wato irin wanda ake gasar hawa duwatsu da shi. Na ji sunan, na kalli bidiyon Toni Bou, ɗan Sifaniyan nan da yake lashe gasar duniya shekara bayan shekara tun 2007, yana hawa dutse a tsaye kamar akuya, na ga an rubuta Montesa a jikin babur ɗinsa. Iyakar ilimina ke nan na shiga kasuwa.

Tallan ya ce Montesa Cota 4RT 260, ƙirar 2018, fam 1,700. Sauran irinsa da na gani duk sun kusa ninka wannan kuɗin. Bayanin da ke ƙasa kuwa kamar ni aka tambaya aka rubuta: ba shi da ƙara, yana da wurin zama mai laushi, tanki ɗaya na kai mutum yini guda, takardu cikakku, mil 900 kacal ya yi. Mai shi ya ce an mayar da shi aiki Aberdeen a can Sikotlan, wurin haƙar mai a teku, babur ɗin na kulle a ma'ajiya, shi kuma kuɗi yake buƙata da gaggawa. Zuwa gani ba zai yiwu ba, amma akwai kamfanin dako da zai kawo mini har ƙofar gida, in duba, in bai yi mini ba a mayar da shi. Kafin alƙalami kawai yake so, fam 350, saboda mutum uku na jira.

Ya turo bidiyo, babur na aiki a gaban wata koriyar ƙofar gareji, ba fuska, ba murya. Ya turo hoton takardar mallaka, V5C, babban yatsa ya rufe rabin lambar shasi. Da na zo tura kuɗin, manhajar banki ta nuna mini ƙarara cewa sunan da na rubuta bai yi daidai da na mai asusun ba. Na tambaye shi, ya ce asusun matarsa ne. Uwargida na zaune a gefe ta ce, "Baban Khadija, mutumin da ba ka ga idonsa ba?" Na ce mata ba ta san kasuwar Turawa ba. Na danna.

Washegari saƙo ya shigo daga wai kamfanin dakon, da tambari da lambar bin sawun kaya, cewa babur na kan hanya amma sai an biya fam 480 na inshorar kaya, za a maido mini da zarar an sauke. A nan jikina ya yi sanyi. Na ɗauki wayar na tsallaka wurin wani dattijo Bature a layinmu, tsohon bakanike, wanda ya yi shekaru yana shiga gasar tirayal ta ƙananan kulob-kulob kafin gwiwa ta hana shi. Baba nake ce masa, ya kuma saba da hakan.

Ya sa tabarau ya karanta tallan sau biyu, bai ce an cuce ni ba. Cewa ya yi in rubuta wa mutumin in tambaye shi ko batirin babur ɗin sabo ne, kuma ko maɓallin sitata na aiki. Minti biyu ba a yi ba amsa ta dawo: batir sabo dal, watan jiya aka sa, taɓawa ɗaya yake tashi. Baba ya cire tabarau ya ajiye.

Ashe Cota 4RT ba shi da batir kwata-kwata, balle sitata. Da kik ake tayar da shi. Abin da ya yi suna a kai ke nan tun fitowarsa a 2005: injin Honda mai bugu huɗu, ba kabireta, na'ura ce ke fesa masa mai, kuma bugun kik ɗin da kansa ne ke samar da wutar da na'urar ke buƙata. A kusa da Barcelona ake haɗa shi, Honda ce kuma ke da kamfanin. Duk wanda ya mallake shi mako ɗaya ya san wannan, don tayar da shi ma sai an koya: ba a murɗa masa totur, a hankali ake taka kik ɗin har ƙasa.

Daga nan Baba ya bi tallan layi-layi yana warware shi, ni kuwa ina zaune kamar ɗalibin da bai yi tilawa ba. Wurin zama mai laushi? Babur ɗin tirayal ba shi da sit. A tsaye ake tuƙa shi, tsakiyarsa a lotse take don kada ta tokare mutum idan ya durƙusa zai tsallake dutse. Na sake duba hoton da na yi kwana biyu ina kallo, wallahi babu sit, idona ne ya ƙi gani. Tanki na yini guda? Tankin bai cika lita 2 ba, an yi shi ƙarami da gangan don babur ɗin gaba ɗaya kada ya wuce kilo 75. Mil 900? Yawancinsu ba a ƙirga musu mil, masu su da awa suke lissafin aikin inji. Hatta maganar shirun, ya ce in bi a hankali. A kunnensa 4RT na da wata irin ƙara mai kauri da ke tafiya nesa a kwari, musamman idan an cire toshiyar da kamfani ya sa a salansa, kuma yawancin masu gasa suna cirewa. Ya ce Beta mai bugu huɗu ta Italiya ta fi shi laushin murya, masu bugu biyu ma, irin waɗanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai kamar tsohuwar Vespa, ba su da hayaniya a ƙaramar giya. Mai son shiru na gaske sai na lantarki, irin Electric Motion na Faransa, shi kuma caji ne ke yanke masa tafiya.

Abin da ya fi ba ni haushi ban da kuɗin shi ne ashe tun farko ba babur ɗin da ya dace da ni nake nema ba. Giyoyin farko na tirayal gajeru ne ƙwarai, don rarrafe a kan dutse aka yi su, tayarsa kuma iska kaɗan ake sa mata don ta rungumi dutse, a kan kwalta sai ta riƙa lilo. Ni da sai na yi tafiyar minti ashirin a titi kafin in isa burji, da na sha wuya. Akwai waɗanda aka yi don irina, rabi tirayal rabi babur ɗin yawo: Montesa 4Ride mai sit da tanki sama da lita 4, ko Beta Alp 200 mai injin Suzuki da iska ke sanyaya shi, ko tsohuwar Honda TLR200 ta shekarun 1980 ga mai haƙurin neman kayan gyara. Ɗan damfarar ya ɗauko siffofin waɗannan ya liƙa wa hoton wancan, don ya san mai neman araha ba ya rarrabewa.

Baba ya sa jikarsa ta saka hoton a manhajar binciken hoto. Sai ga shi a wani tsohon talla na shekarun baya, ƙofar gareji ɗaya, jan bokiti ɗaya a gefe, an riga an sayar. Mun saka lambar rajista da ke jikin takardar a shafin gwamnati na duba tarihin MOT, wanda kyauta ne kuma bai ci minti ɗaya ba, ta fito a matsayin wata ƙaramar mota.

Ga masu zama a Ingila, idan hakan ta same ku kada kunya ta sa ku kwana. Ku kira 159, za a haɗa ku da bankinku kai tsaye. Tun 7 ga Oktoba 2024 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa bankuna maido wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi, har zuwa fam 85,000, suna iya cire fam 100, kuma sai an kai koke cikin wata 13. Ni an maido mini fam 250 bayan tambayoyi masu zafi kan dalilin da ya sa na tsallake gargaɗin sunan nan. Ba ni da amsa mai kyau, gaskiya na faɗa. Amma ƙa'idar ba ta shafi kuɗin da aka tura zuwa ƙasar waje ba, haka wanda ya biya ta PayPal a layin 'yan uwa da abokai ba shi da kariyar mai saye, shi ya sa suke matsa wa mutum ya bi ta nan.

Ko da babur ɗin na gaske ne kana gabansa, a duba lambar shasi da ke wuyan babur a ƙarƙashin kan, harafi da lamba 17, a gwada ta da ta takarda. Idan an goge ta ko an sake buga ta, a juya. Satar irin waɗannan babura ta yi yawa a nan saboda mutum biyu na iya ɗaga shi su jefa a bayan mota, kuma ranar da 'yan sanda suka gano na sata ne za su ɗauke, ba mai biyan ka. A je gidan mai shi, adireshin da ke takardar, a taɓa injin a tabbatar da sanyi yake kafin ya buga kik. Da yawansu ma ba a taɓa yi musu rajistar titi ba, don a filin gasa kawai ake hawansu, irin wannan kuwa ba halinka ka fita da shi burjin gwamnati.

Da na ba wani ƙanena da ke Kaduna labari, sai ya ce ai an turo masa makamancin wannan a waya, wai babur ɗin daji daga Turai, a biya rabi a sako shi a kwantena zuwa Legas ko Kwatano, sauran bayan an fito da shi daga kwastan. Ya so ya saya don zuwa gona da damina. Na ce masa, ƙanena, ko da gaske ne, me za ka yi da babur mara sit, mara wurin ɗaure buhu, mai tankin da bai cika lita 2 ba, wanda ba bakaniken da ke da kayansa a duk Panteka? Irin Yamaha AG200 ko DT da malaman gona ke hawa ya fi masa sau goma, kuma yana iya zuwa ya gani da idonsa.

Tallan da na gani shekaranjiya yana cewa babur ɗin na Carlisle, mai shi kuma yanzu soja ne da za a tura ƙasar waje. Farashin ya koma fam 1,650. Koriyar ƙofa na nan, jan bokiti na nan. Na kai rahotonsa, an sauke shi. Wanda ya sake cin karo da shi, ya tambaye shi lafiyar batir.