PhpStorm da doguwar metod: abin da na gani da na yi aiki da shi

Manhajar da muke kula da ita ta wasu dillalan kayan gwari ce a kasuwar Mile 12, a nan Legas. Motoci na saukowa daga Arewa da tumatir da tattasai da albasa, dillali ya karɓi kaya, ya sayar, ya cire abin da za a cire, ya tura wa mai kaya ragowar kuɗinsa. To wannan lissafin gaba ɗaya, wanda ya fara rubuta manhajar da yaren PHP a kan Laravel (ginshiƙin da ake ɗora manhajojin PHP a kai) a metod ɗaya ya zuba shi, wato dunƙulen kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki, har ta haura layi 400. Kuɗin mota na ciki, da la'adar dillali, da ladan 'yan dako, da kuɗin ƙungiya, da rangwamen kwandunan da suka lalace a hanya, da bashin da ake bin mai kaya, har da saƙon da ake aika masa a waya. Ba na ganin laifinsa. Kowane wata Alhajin da muke yi wa aikin yakan zo da sabuwar buƙata, mai rubuta manhajar kuma ya ƙara sharaɗi a inda ya samu gurbi. Haka metod ke tsawo a ko'ina.

Saboda wannan metod ɗin na sauke PhpStorm, editan rubuta kod ɗin PHP na kamfanin JetBrains da aka kafa a birnin Prag a shekarar 2000. A kanta kuma zan auna shi, domin sauran abubuwan da yake yi, editoci na kyauta ma suna yin da yawa daga ciki.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne Extract Method, wato ware wasu layuka su zama sabuwar metod. Za ka zaɓi layukan da kake so ka ware, ka danna Ctrl+Alt+M, sai ya duba waɗanne bariyabul (sunayen da kod ke ajiye adadi ko bayani a cikinsu) ne layukan ke karantawa daga sama, waɗanne kuma ake buƙata a ƙasa bayan sun gama. Na farkon ya mai da su abin da za a miƙa wa sabuwar metod, na biyun ya zama abin da za ta dawo da shi. Duk wanda ya taɓa yin wannan da hannu ya san inda ake tuntuɓe: bariyabul guda da aka canja a layi na 90, aka sake amfani da ita a layi na 310, ido bai kama ba. A lissafin kuɗin mutane, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Manomi a Kadawa yana jiran kuɗin tumatirinsa, ba ruwansa da yadda kod ɗinka ya tsaru, amma naira ɗaya ta yi ciwon kai zai sani. PhpStorm ya ɗauke min wannan fargabar. Bayan na ware lissafin la'ada kuma, sai ya nuna min cewa layukan nan an kwafa su a wani wuri cikin fayil ɗin, ya tambaya ko ya maye gurbinsu da kiran sabuwar metod. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Akwai inda yake ƙi, kuma ƙin nasa ya koya min abu. In ka zaɓi yankin da ke da hanyoyin fita barkatai, nan a dawo da wannan, can a dawo da wancan daga tsakiyar madauki (layukan da ake ta maimaitawa), zai ce ba zai iya ba. In kuma yankin ya canja bariyabul uku ko huɗu da ake nema a ƙasa, abin da zai fito maka ba zai yi kyan gani ba. Na lura duk inda hakan ta faru, yankin ayyuka biyu yake yi a cakuɗe. Sai na tsaya na raba su tukuna, na matsar da kowace bariyabul kusa da inda ake amfani da ita, sannan warewar ta tafi sumul. Kamar mahauci ne da wuƙa mai kaifi: ta bi gaɓa ta wuce, ta ci karo da ƙashi ta tsaya, sanin gaɓar kuwa na mahaucin ne.

Suna ma naka ne. Martin Fowler, a littafinsa na 1999 kan gyaran fasalin kod, ya lissafa doguwar metod cikin alamomin da ke nuna kod na neman gyara, ya kuma ba da shawarar cewa duk inda ka ji kana son rubuta bayani a saman wasu layuka, ka ware su ka ba su sunan da ke faɗin abin da suke yi. Tsohuwar metod ɗinmu cike take da irin waɗannan bayanai, su suka zame min taswira. Sunan da bai zauna ba kuwa, Shift+F6 na canja shi a duk inda aka kira shi. Sai dai a Laravel akwai sunayen da ake rubutawa a matsayin zallan rubutu, a fayil ɗin da ke haɗa adireshin shafi da metod ɗinsa ko a shafukan Blade, waɗanda ke tsara abin da mai amfani ke gani, don haka ina duba jerin da yake nunawa kafin in amince.

Kafin in taɓa layi ko ɗaya, na karɓi tsofaffin takardun ciniki daga wajen Alhaji, na rubuta gwaje-gwaje da PHPUnit, manhajar gwada kod ɗin PHP, waɗanda ke tabbatar da cewa kaya kaza na ba da kuɗi kaza. Ana gudanar da su daga cikin PhpStorm ɗin, kore ko ja, nan take. Ina ware yanki ɗaya, in gwada, in adana a Git, ma'ajiyar tarihin canje-canjen kod, in wuce na gaba. Local History na PhpStorm kuma na riƙe da duk canjin da ka yi ko ba ka adana a Git ba, abin da ke da daraja a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama.

Yanzu babbar metod ɗin ba ta cika allo ɗaya ba, kana karanta ta kamar jerin matakai. Da Alhaji ya ce a bambanta la'adar albasa da ta tumatir, wani ƙanenmu da bai daɗe da fara aiki da mu ba shi ya yi gyaran. Da ya gama sai ya ce min, "Yaya, ai wuri ɗaya kawai na taɓa."

Sai maganar nauyi da kuɗi. PhpStorm yana karance aikin gaba ɗaya idan ka buɗe shi, da haka ne yake sanin inda aka kira kowace metod, kuma wannan na cin ƙwaƙwalwar kwamfuta da batir. Mai laftof ɗin da RAM ɗinta bai kai giga 8 ba zai ji jiki. Ni nakan buɗe shi lokacin da akwai wuta ya gama karatunsa, sannan in ci gaba a kan batir. Lasisinsa da kuɗin waje ake biya, wata-wata ko shekara-shekara, ga wanda da naira yake samu kuwa dole ya yi lissafi. Wanda ya biya na wata 12 a jere yana da damar ci gaba da amfani da tsohon samfurin ko ya daina biya. Ɗalibai na samun lasisi kyauta, kowa kuma yana da gwajin kwana 30.

Mai rubuta ƙananan shafuka daga tushe ba sai ya kashe wannan kuɗin ba, editan kyauta na VS Code ya ishe shi. Wanda ya gaji tsohon kod da kuɗin mutane ke bi ta cikinsa, shi nake ba shawarar ya karɓi kwana 30 ɗin nan, ya rubuta gwaje-gwajensa tun kafin ya sauke manhajar don kada kwanakin su tafi a banza, sannan ya nufi metod ɗin da kowa a ofis ke tsoron taɓawa.