Mai gyaran bindiga a Jos da ya karanta mana shekarun bindigar Baba

Wanda rabon gado ya haɗa shi da tsohuwar bindigar farauta, ina ba shi shawara ya nemi irin wannan dattijon kafin 'yan'uwa su fara yanka mata kuɗi da ka. Shagonsa ƙarami ne a cikin garin Jos, kuma yana da izinin aikinsa. Bai taɓa bindigar ba sai da ya ga lasisin marigayi, ya kuma ce lasisi ba a gadonsa, sai mun koma wajen 'yan sanda. Tun daga nan na natsu da shi.

Tamu mai baki biyu ce. Baba ya same ta ne wajen wani Bature lokacin da yake aiki a kamfanin kuza a Bukuru, kuma a gida kowa ya yarda ta girmi Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Dattijon ya cire katakon gaba, ya raba bututun da gindin, ya kifa su ƙarƙashin fitila. Ashe a nan rubutun yake, wurin da ido ba ya kaiwa. Ya nuna min kambi uku, ɗaya a kan BP, ɗaya a kan BV, ɗaya a kan NP, da kalmomin NITRO PROOF. Ya ce waɗannan hatimin gidan gwajin bindigogi ne na Birmingham a Ingila, wanda aka kafa a 1813, kuma da su aka yi aiki daga 1904 zuwa 1954, kafin a koma BNP. Da ta Beljiyam ce, in ji shi, da ELG za mu gani a cikin da'ira.

Sai ya ɗora yatsa a kan 2½. "Ɗana, ka ga wannan? Tsawon ɗakin harsashi ne, inci biyu da rabi. Sai daga 1925 aka wajabta buga shi." Nan maganar gidanmu ta rushe. Bai tsaya nan ba, ya lalubo wani ɗan mitsitsin tambari mai kama da takubba biyu a gicciye, da harafi a tsakani. Birmingham ta fara sa shi a 1921, harafin A na shekarar farko, haka ake bi. Namu ya faɗa farkon shekarun 1930. Ya ja kunnena cewa shekarar gwaji ce wannan, ko da yake yawanci ba ta nesa da shekarar ƙira.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gargaɗinsa. Yawancin harsasan yau milimita 70 ne, ɗakin tamu kuwa 65. Yayana ya sha cusa mata su a farauta, Allah ne kawai ya tsare.

Kan kuɗi bai yi mana daɗin baki ba. Ya ce tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Babu sunan babban maƙeri irin Greener a jikinta, tsatsa ta ci cikin bututun dama, mahaɗin yana girgiza, gindin kuma an taɓa ɗaure shi da waya. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da muke zato ba, kuma bai ce mu sayar masa ba.

Inda ya gaza ɗaya ne: ba ya rubuta komai. Mai rabon gado takarda yake so, don haka ni na zauna na rubuta bayanin, shi ya sa hannu. Kuma ba ya sauri, wanda zai je ya ware yini guda, ya tafi da lasisin, bindigar kuma babu harsashi a ciki.