Na saurari shirin rediyon da ya yanka Nixon da bakinsa

Wani abokina ne ya turo mini shirin, na awa ɗaya, ya ce in sa iyafis in saurara da dare. Babu mai gabatarwa, babu sharhi. Muryoyi ne kawai aka yayyanko daga jawabai da tsofaffin labarai da tallace-tallace aka jera su, duk a kan mulkin shugaban Amurka Richard Nixon. Minti goman farko na ɗauka shirme ne. Daga baya na gane gatse ake yi, kuma mai zafi.

Ba a taɓa samun shugaban da ya dace da irin wannan zambo kamarsa ba, don shi da kansa ya sa aka ɗana na'urar naɗar murya a ofishinsa a 1971, har ta tara wajen awa 3,700 na maganganunsa. Masu shirin ba su sha wahalar neman kaya ba.

Inda ya fi burge ni shi ne inda ba su taɓa ko kalma ɗaya ba. Sun sako Nixon a Nuwamba 1973 yana gaya wa 'yan jarida cewa shi ba macuci ba ne. Kafin tafi ya lafa, sai ga kaset ɗin 23 ga Yuni 1972, yana amincewa a sa hukumar leƙen asiri ta CIA ta taka wa hukumar bincike ta FBI birki kan binciken Watergate, wato badaƙalar fasa ofishin jam'iyyar adawa da mutanensa suka yi. Sai a koma kan "ni ba macuci ba ne", sau uku, kowane karo muryar na ƙara ja kamar batir zai mutu. Dariya na yi, amma irin wadda ake yi jiki a sanyaye. Baki shi ke yanka wuya, ga shi a fili ba wanda ya ƙara gishiri.

Can tsakiya sai sauti ya ɗauke, ba ka jin komai sai zuuu. Na cire iyafis na busa, na duba wayata, har na fara tsaki. Ashe da gangan ne: suna tuna wa mai sauraro giɓin nan na minti 18 da rabi da aka goge daga kaset ɗin 20 ga Yuni 1972, wanda sakatariyarsa Rose Mary Woods ta ce kuskurenta ne ya ci wani ɓangare nasa. Allah ya taimaka minti biyu kawai suka yi, da sun cika sha takwas da barci ya kwashe ni.

Abin da ban so ba shi ne kashi na ƙarshe. Nan suka koma tsinto kalma daga wannan jawabi, wata daga wancan, suna haɗa masa jimlar da bai taɓa furtawa ba, har da haushin kare a ƙarƙashi, wai habaici ga jawabinsa na 1952 da ya ambaci karensa Checkers. Akwai ban dariya, ba musu. Amma mutumin da gaskiyar maganarsa ta isa ta kore shi daga mulki a Agusta 1974, me ya kai ka ƙaga masa wata? Da na ji ɗinkin ya fito, sai na fara zargin har sassan farko, sai da na je na tabbatar na gaske ne.

Wanda bai san labarin Watergate ba, zai ɓata, don ba wanda zai riƙe masa hannu. Ya ɗan karanta tukuna. Kiɗan ma yakan danne murya a wasu wurare, musamman kaset ɗin ofis da dama can ba su fita sosai. Ni dai na sake saurarar minti arba'in na farko har sau biyu, sauran kuwa ban koma ba.