Gargaɗi ga masu busa a Zariya: ana sayar da kilarinet na bogi da tambarin Buffet

Salama ga 'yan uwa masu busa, na badujala da na coci da na makarantu, da iyayen da ke shirin saya wa 'ya'yansu abin busa. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana tallar kilarinet, wato dogon baƙin abin busa mai maɓallai, wai na Faransa ne, na hannu, ya shigo ta Kwatano. Ba zan kama sunansa ba, don sunan ma na aro ne: cikin wata uku na ga ya sauya suna sau uku, hotunan kayan kuwa su ne dai. Yau yana Legas, gobe Kaduna, jibi ya ce shagonsa na Sabon Gari, amma yaron shago ya tafi da makulli.

Wanda abin ya faɗa wa ɗalibina ne, wani yaro daga Wusasa da ya shekara 4 a hannuna yana busa tsohuwar Yamaha ta roba. Yaron yana da kunne, yana da numfashi, ya kai matakin da robar ta yi masa kaɗan. Ya yi ta tari, kawunsa ya cika masa, sai ya ga tallar kilarinet ƙirar Buffet R13 a kan naira 380,000. Bai gaya mini ba, wai yana so ya ba ni mamaki. Ya kuwa ba ni.

Duk wanda ya san harkar ya san R13. Tun 1955 kamfanin Buffet Crampon na Faransa ya fito da ita, kuma har yau tana cikin waɗanda ƙwararru suka fi riƙewa a manyan ƙungiyoyin kiɗa, musamman a Amurka. Sabuwarta ta haura dala 3,000 nesa ba kusa ba, ta hannu mai lafiya ma ba ta faɗuwa ƙasa warwas. Ku buga lissafin da canjin yau. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Ga yadda mutumin yake aiki. Da farko zai turo hotuna masu kyau, akwati mai laushin ciki, tambarin zinare yana ƙyalli. Sai bidiyo: hannun wani kawai za ka gani a kan maɓallai, ba fuska, ga sauti mai zaƙi yana tashi. Da na saurara daga baya na gane ɗora sautin aka yi, domin yatsun na tafiya dabam, busar na tafiya dabam, har da amon babban zaure a bidiyon da aka ɗauka cikin ɗaki mai labule. Daga nan sai gaggawa: "Oga, wani soja ya taya, in ba ka tura rabi yau ba gobe ta tafi." Ya san garinmu garin sojoji ne, ga Defo ga makarantar soja ta yara, don haka ƙaryar na shiga. Yaron ya tura rabi. Bayan kwana biyu aka ce kaya sun maƙale, sai an ba da naira 25,000 na fito. Ya tura. Sauran kuɗin kuma aka ce sai ya biya kafin a ba shi lambar direban da zai sauke saƙon a Kwangila.

Kaya sun iso, ban ce ba su iso ba. Nan ne ma wayon yake, don wanda aka kawo wa kwali ba ya saurin cewa an cuce shi.

Da yamma ya shigo da akwatin yana murmushi, ya ce, "Malam, ga ta, ka sa mata albarka." Kilarinet gaɓa-gaɓa take zuwa a akwati, sai an harhaɗa; tun da na ɗaga gaɓar sama jikina ya ba ni. R13 da baƙin icen nan na Afirka ake yin ta, wanda ake kira girenadila, mutanen Tanzaniya na ce masa mpingo, ana kuma samun sa a Mozambik. Ice ne mai nauyin da ko a ruwa nutsewa yake yi. Wannan kuwa sakayau. An yi wa bayanta zane-zane kamar jijiyar ice, amma da na haska cikinta da fitilar waya sai na ga sumul tana sheƙi, babu jijiya ko ɗaya. Roba ce aka yi wa kwalliya. Tambarin ma shafa shi aka yi a sama, farce na kankare shi. Na juya bayanta in duba lamba: ta gaskiya tana da lambar ƙira a gaɓar sama da gaɓar ƙasa, kuma dole su zo ɗaya. Tasa gaɓar sama na da lamba, ta ƙasa wayam.

Duk da haka na ce bari mu ba ta haƙƙinta, a busa. Na cire bakin da ta zo da shi na sa nawa, B45 na kamfanin Vandoren, da rid (siririn ɓallin gora da ake ɗaurawa a baki, shi ke kaɗawa ya ba da sauti) mai ƙarfin 3 da na saba da shi, don kada a ce laifin baki ne. Mai kilarinet ya san sirrinta: in ka danna maɓallin babban yatsa na hagu, sauti ba ya tsallake matakan murya takwas kamar na saksofon, goma sha biyu yake tsallakewa, E ta ƙasa ta koma B. Gyaran wannan tazarar shi ne inda maƙera ke nuna gwaninta, shi ne kuma abin da kake biya wa kuɗi. Na kunna manhajar auna sauti a waya. Muryoyin ƙasa sun yi ƙasa da yawa, na sama sun haura, ta yadda in ka ja 'yar gangar da ke bin baki ka gyara ɗaya, ɗayar ta ƙara lalacewa. Irin wannan ba ta gyaruwa, don ramukan ne aka huda ba a muhallinsu ba. Sautin kuma siriri, mai tsami, ba cika ba duhu. Na toshe gindin gaɓar sama da tafin hannu, na rufe ramuka na zuƙa. Mai lafiya za ta kama leɓe kamar ƙahon wanzami, wannan iska ke wucewa abinta. Maɓallan kuwa ƙarfen banza ne, ɗan matsi kaɗan sun lanƙwashe.

Har kwalin rid da ya haɗa masa a matsayin gyara, shuɗi mai sunan Vandoren, na bogi ne. Na ainihi daga wani irin gora ake yanka su da ake nomawa a kudancin Faransa, guda 10 a kwali, in ka ɗaga ɗaya a haske za ka ga tsakiyarsa ta yi duhu daidai wa daida, bakinsa siriri. Waɗannan wani ya karkace, wani kauri kamar tsinken tsire.

Na karɓi wayar yaron na kira mutumin kamar sabon mai saye. Na ce, "Maigida, ina neman ta busa waƙar Mozart, wadda kake da ita ta A ce ko Bi-filat?" Ya ce, "Alhaji, duka biyun tana yi." A nan na gama da shi. A da Bi-filat nau'i biyu ne na kilarinet, kowace da muryarta. Babban kiɗan da Mozart, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, ya rubuta wa kilarinet a 1791 a kan ta A yake, wadda ta ɗan fi Bi-filat tsawo, shi ya sa ƙwararru ke yawo da akwati mai ɗaukar biyu. Ta badujala da ta 'yan koyo Bi-filat ce. Wanda bai san wannan ba, bai taɓa sa kilarinet a baki ba. Da na gaya masa ko ni wane ne, ya kashe waya, kafin magariba ya toshe mu.

Wani abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da yaron ya tambaye ni, da ban ma ba shi shawarar ice a yanzu ba. Kun san hunturun Zariya. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska bushe take ƙayau, ka hura numfashi mai ɗumi da laima cikin ice mai sanyi, ciki ya kumbura waje bai motsa ba, sai tsagewa, galibi a gaɓar sama inda ramuka suka yi kusa da juna. Mai busa a fili, a fareti ko biki, roba mai kyau irin Yamaha YCL-255 ta fi masa kwanciyar hankali. In ya sa mata baki nagari da rid na gaskiya, sautinsa zai canja fiye da yadda yake zato, da kuɗin da bai kai rabin abin da ɗalibina ya yi asara ba. Roba ba abin kunya ba ce. Robar da aka sayar maka da sunan ice ita ce cuta.

Saboda haka in za ka saya, kada sisinka ya fita sai ka riƙe ta a hannu ka busa, da bakinka da rid ɗinka. In ba ka kai ba, ɗauki wanda ya kai, ko a cikin 'yan badujala ko masu busa na coci, ba za a rasa mai raka ka ba. In mai kaya yana nesa, ya yi kiran bidiyo kai tsaye, ya nuna lambobin gaɓoɓin biyu, ya busa daga ƙasa har sama kana gani. Ka kuma duba sunan da ke kan asusun banki: na wannan mutumin sunan mace ne, ya ce wai na matarsa ne.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da banki, da takardun shaidar tura kuɗi da hotunan hirarsu. Ya zuwa yau ba a dawo da ko kwabo ba. Tun da na fara ba da labarin, mutum biyu sun same ni da irin wannan akwatin, ɗaya daga Samaru ɗaya daga Tudun Wada, kuma lambar da ke gaɓar sama iri ɗaya ce da ta ɗalibina, ba bambancin ko ɗigo. In kai ma an yi maka, kada kunya ta hana ka magana, ka adana hirarku ka kai rahoto a haɗa da namu. Yaron ya koma kan tsohuwar Yamaha ɗinsa. Ta bogin tana wurina, duk mai son ya riƙe ta ya ji bambancin da hannunsa ya same ni bayan atisayen ranar Asabar.