Rigar Holan ta 1988: Kwafin da ke Kasuwa

Rigar da Adidas ta ɗinka wa tawagar Holan don gasar kofin nahiyar Turai ta 1988 ta sake farin jini, kuma na sayi kwafinta a wani shagon kayan wasanni. Darajarta tana tattare da Rinus Michels, kocin da ya ciyo wa ƙungiyar Ajax ta Holan kofin zakarun Turai a 1971, ya kai Holan wasan ƙarshe na kofin duniya a 1974, sannan ya jagorance ta ta doke Tarayyar Sobiyat da ci 2-0 a wasan ƙarshe na gasar ta 1988 a Munich, inda Gullit da Van Basten suka zura ƙwallayen. Salonsa, wanda kowane ɗan wasa ke iya maye gurbin abokinsa a fili, shi ya sa FIFA ta zaɓe shi kocin ƙarni a 1999.

Zanen ya fito sosai, musamman yadda ruwan lemun yake dusashewa zuwa fari cikin kusurwoyi masu kama da kan kibiya, kuma wuyan nan fari yana zama daram. Sai dai tambarin zakin da ke ƙirji liƙa shi aka yi maimakon a yi masa aikin zare, ga yadin kuma yana riƙe gumi, don haka ba ta dace da zafin bazara ba. Mai son ajiye ta don tarihi ba zai yi asara ba, amma mai shirin buga ƙwallo da ita gara ya nemi wata.